Kafin Kaza Ta Shiga Tukunya, Wa Ya Duba Ta?

Yau maganar kaza ce a gabanmu. Farfesu da dambu da soye kowace mace ta iya, babu mai koya wa wata. Abin da za mu tattauna shi ne cutar da kaza kan ɗauko a ɓoye ta kawo mana har cikin kwano, da gwajin da ake yi don a gano ta, da kuma dalilin da ya sa muke ganin lokaci ya yi da za a kawo wannan gwaji kusa da mu, nan ƙasar Gwarzo da Kabo.

Duk wadda ta bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta wuce Janguza da Rimin Gado, ta ga dogayen ɗakunan kaji a gefen titi. A cikin gidaje ma kiwon ya sake kama. A da mace takan ajiye kaji biyar ko goma na Hausa, suna yawo a tsakar gida suna tsintar tsaki, ba a taɓa su sai an yi baƙo, ko an yi haihuwa, ko salla ta zo. Yanzu kuwa sai ki tarar da matar aure a Getso ko Garo ko Lakwaya ta keɓe lungu guda ta zuba 'yan tsakin agirik hamsin ko ɗari. Yawancinsu daga wajen Ibadan ake kawo su a kwali, su kwana a mota, cikin mako shida zuwa takwas sun isa sayarwa. Da wannan kuɗi ake zubin adashe, ake biyan kuɗin makarantar yara, ake tara kayan ɗakin 'yan mata. Alheri ne babba, kuma ba mu fatan wata ta bari. Sai dai inda aka tara kaji da yawa a wuri ɗaya, suna sha a mazubi ɗaya, suna taka kashin juna, to cutar ɗaya takan zama cutar duka.

Ta yaya muke zaɓen kaza a kasuwa? Mukan ɗaga ta mu ji nauyinta, mu taɓa ƙirjinta, mu dubi idonta da zankonta. Idan tana fisge-fisge mu ce lafiyayyiya ce. Sa'an nan mu sa a yanka a gaban idon ɗan aike, da sunan Allah, don mu tabbata ba mushe aka ba mu ba. Duk wannan daidai ne, kuma a ci gaba da yi. Amma yanka yana kawar da shakkar mushe ne kurum. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanjin kaza suna nan daram bayan an yanka, kuma kazar da ke ɗauke da su sau da yawa ba ta nuna alamar komai. Tana ci, tana sha, tana ƙiba, tana ƙwai.

Daga cikin waɗannan ƙwayoyin cuta, biyu ne suka fi suna. Ta farko ita ce Salmonela, wadda aka gano a Amurka a 1885, aka sa mata sunan wani likitan dabbobi, Daniel Salmon. Ta biyu ita ce Kamfilobakta. Dukansu ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, ba su da wari, ba su sauya launin nama. Idan aka fige kaza aka fasa ciki, sai su fito daga hanji su shafi nama, da wuƙa, da kwano, da hannun mai aiki. Akwai ma wata irin Salmonela da kan shiga cikin ƙwai tun yana jikin kaza, kafin ɓawo ya rufe shi, watau ƙwan da ba shi da ko tsaga yana iya zuwa da ita.

Wanda ya haɗiyi Salmonela yakan fara jin jiki bayan awa 6 zuwa awa 72. Sai zazzaɓi, da murɗar ciki, da gudawa, wani lokaci da amai, a yi kwana biyu zuwa bakwai ana fama. Kamfilobakta takan jinkirta, sai bayan kwana biyu zuwa biyar take bayyana, kuma bayan gida yakan zo da jini. Wannan jinkiri shi ya sa ba mu cika zargin kaza ba. An ci ta ran Juma'a a gidan biki, yaro ya kwanta ran Litinin, sai a ce haƙori ne, ko shawara, ko sanyi, ko kuwa bakin mutane.

Babba mai ƙarfi yakan warke da kansa. Waɗanda abin ke kayarwa su ne jarirai, da yara ƙanana, da tsofaffi, da masu juna biyu, da wanda wata cuta ta riga ta raunana. A ƙasashenmu na Afirka likitoci sun daɗe da lura cewa Salmonela takan bar hanji ta shiga jinin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ci ƙarfinsa, ko mai ƙarancin jini, ko mai tamowa. Yaro mai sikila kuwa har ƙashinsa takan kama, kuma kowa ya san yawan masu sikila a gidajenmu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da lissafin cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A nahiyar Afirka kaɗai, mutum miliyan 91 ke kwantawa, 137,000 su rasu. Ba duka kaza ce sanadi ba, akwai ruwa da nono da ganye da sauransu, amma nama da ƙwan kaji suna cikin manyan hanyoyin waɗannan ƙwayoyi biyu.

A nan ya kamata mu rarrabe wani abu da ake cuɗawa. Taifod ɗin da muka sani ita ma daga dangin Salmonela take, amma irin tata a jikin mutum kaɗai take zama, daga bayan gidan mutum take shiga ruwa da abinci. Ba a ɗaukar ta daga kaza. Haka kuma akwai irin da ke kashe kaji su kansu, wadda ke sa 'yan tsaki farin kashi su yi ta zubewa, ita kuwa ba ta cika damun mutum ba. Wadda muke magana a kai yau ita ce ta tsakiya, wadda kaza ke zaune lafiya da ita, mu kuma ta kwantar da mu. Ido ba zai rarrabe su ba, sai ɗakin gwaji.

To, yaya ake gwajin? Tsohuwar hanya ita ce ta shuka. Ma'aikaci yakan ɗebi nama ko kashin kaza kamar giram 25, ya zuba a wani ruwa mai abincin ƙwayoyin cuta, ya ajiye a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum ya kwana. Kashegari ya ɗiba ya mayar a wani ruwan da ke danne sauran ƙwayoyi ya bar Salmonela ta yi yawa, shi ma ya kwana. Rana ta uku ya shafa a kan 'yar faranti mai wani abu kamar kamu mai daskarewa, ya sake jira. Idan wani abu ya tsiro, sai a ƙara kwana ɗaya ko biyu ana tantance shi. Kafin a ce babu, kwana uku ne. Kafin a tabbatar akwai, kwana biyar ne ko fiye. Hanya ce mai kyau, har gobe ana yin ta, amma tana da nawa.

Ku kwatanta wannan da saurin ita cutar. Idan ta sami ɗumi da danshi da abinci, ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu cikin minti 20. 'Yan makaranta su ɗauki alli su yi lissafin. Awa ɗaya, ɗaya ta zama 8. Awa biyu, 64. Awa huɗu, 4,096. Awa bakwai, ta haura miliyan biyu. Watau kazar da aka fige da hantsi a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Kano ke kaiwa digiri 40, aka ajiye a roba sai la'asar, ta riga ta zama wani abu dabam. Naman da ba ya kwana ba tare da firji ba, ina amfanin sakamakon da zai zo bayan mako? Kafin ya iso an ci, an wanke kwano, an kai yaro asibiti.

Mun taɓa ɗanɗana illar jiran gwaji a ƙasar nan. A watan Janairu na 2006 kaji suka fara mutuwa dubbai a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna. An kai samfuri Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke nan tun 1924, daga can kuma aka aika wani ɗakin gwaji a Padova ta ƙasar Italiya. Sai ran 8 ga Fabrairu aka sanar da duniya cewa murar tsuntsaye ce, irin da ba a taɓa ganin nau'inta a Afirka ba. Kusan wata guda ke nan, kuma a lokacin cutar ta riga ta bayyana a gonakin Kano. Murar tsuntsaye cuta ce dabam da wadda muke magana a kai, amma darasin ɗaya ne. Ana jiran takarda, kaji suna ta yawo daga kasuwa zuwa kasuwa. Da labari ya bazu kuwa, jama'a suka ƙaurace wa kaza da ƙwai baki ɗaya, har waɗanda kajinsu lafiya lau suka yi asara.

Yanzu ilmi ya ci gaba, an sami hanyoyin da suka rage kwanakin nan. Guda uku za mu ambata, kuma biyu daga ciki kun riga kun san 'yan'uwansu.

Ta farko ita ce ta ɗan tsinke, irin wanda ake gwada zazzaɓin cizon sauro da shi a asibitin sha-ka-tafi, ko wanda mata ke gwada ciki da shi. Akwai irinsa na Salmonela. Bayan samfuri ya kwana a ruwan nan mai ɗumi, sai a ɗiga a kan tsinken, cikin minti 15 zuwa 20 layi ya fito. Ba ya bukatar babbar na'ura.

Ta biyu ita ce wadda likitoci ke kira PCR, wadda sunanta ya cika kunnuwanmu a 2020 lokacin annobar korona. Wani Ba'amurke, Kary Mullis, shi ya ƙirƙiro ta a 1983, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1993. Kowace halitta tana da tambarinta na gado a cikin jikinta, kamar yadda kowane gida ke da irin zanensa na fuska a da. Na'urar takan nemo ɗan guntun tambarin Salmonela, ta yi ta ninka shi, biyu, huɗu, takwas, har ya yi yawan da za a gan shi. Aikin awa biyu ko uku ne. Idan aka haɗa da kwanan da samfuri ke yi tukuna, an kai yau, gobe an sami amsa.

Ta uku, wadda masana a Japan suka fito da ita a 2000, ƙanwar ta biyu ce. Ita ma ninkawa take yi, amma ba ta bukatar na'ura mai tsada, sai ɗan abin ɗumama da zai riƙe zafi wajen digiri 65. Cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka ruwan da ke cikin 'yar kwalbar yakan sauya launi idan akwai cutar. Ga wuri irin namu, inda wutar lantarki sai ta ga dama, wannan abin dubawa ne, domin batir da farantin hasken rana sun isa su tafiyar da ita.

Gaskiya ta fi kwabo, dole mu faɗi iyakar waɗannan gwaje-gwaje. Masu neman tambari suna iya ganin tambarin ƙwayar da ta riga ta mutu su ce akwai. Ba sa gaya wa likita maganin da zai ci cutar kamar yadda hanyar shuka ke yi, don haka duk abin da suka kama sai an aika babban ɗakin gwaji an tabbatar. Kayan aikinsu daga waje ake sayo su, wasu sai an ajiye a firji, kuma ba su da arha. Har wa yau, babu ƙasar da ke gwada kowace kaza ɗaya bayan ɗaya. Garke ake gwadawa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce a gwada kowane garken kajin nama cikin mako uku kafin yanka. Yadda suke ɗaukar samfurin ma abin sha'awa ne. Ma'aikaci yakan sa wata safa a kan takalminsa, ya zagaya ɗakin kajin, ya cire safar ya sa a leda ya aika. Safa biyu ko huɗu sun ba da labarin dubban kaji. Wannan aiki ne da kowace mace mai kiwo za ta iya yi idan an nuna mata sau ɗaya.

Wata za ta ce, mu da ke neman na tuwo, ina ruwanmu da abin Turawa? Wata kuma za ta ce gwaji tonon asiri ne, in an ce kajinta na da cuta wa zai saya? Wannan tsoro yana da tushe, amma a dubi abin da ya faru a Ingila. A Disamba 1988 wata ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta faɗa a talabijin cewa yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar yana da Salmonela. Cikin 'yan kwanaki cinikin ƙwai ya faɗi fiye da rabi, aka yanka miliyoyin kaji, ita kuma ta sauka daga kujerarta. Mai laifi da marar laifi duk suka sha, don ba wanda ke da shaidar da zai nuna. Sai a 1998 masu kiwo suka haɗu suka fito da tsari, ana yi wa kaji rigakafi, ana gwaji, ana buga jan hatimin zaki a jikin ƙwai. Cutar ta ragu ƙwarai, ciniki ya dawo. Ashe ji-ta-ji-ta ce ke karya mai kiwo. Gwaji kuwa shi ne mai wanke ta.

Akwai kuma wata riba da mai kiwo za ta samu. A yau idan 'yan tsaki suka fara zawo, sai a ruga kanti a sayo magani, ko a fasa kafso ja da rawaya a zuba musu a ruwa. In bai yi ba a sake wani. Harbi ne a duhu. Kuɗi na tafiya, kuma ƙwayoyin cutar da suka tsira sukan saba da maganin, har ya zama ba ya cin su. Ranar da irin wannan ƙwaya ta shiga jinin yaro, sai likita ya ba da magani ya ƙi aiki. Bugu da ƙari, a jikin kowane maganin kaji an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a ci ƙwai, amma mutum nawa ke karantawa? Da an san cutar da sunanta, da an sayi magani ɗaya wanda ya dace, ko ma a gane ba magani ake bukata ba, tsabtace mazubin ruwa ne.

Ƙasar nan ba ta rasa masana ba. Akwai Vom, akwai tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai ɗakunan gwaji a birnin Kano. Akwai hukumar NAFDAC tun 1993, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don kiwon dabbobi. Abin da ya rage shi ne nisa. Matar da ke da kaji hamsin a Kutama ko Durun ba za ta biya kuɗin mota zuwa Zariya don a duba kashin kaza ba. Saboda haka wannan fili yana kira ga hukuma da abubuwa biyar.

Na farko, Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe ƙaramin ɗakin gwaji a wannan yanki, wanda zai ɗauki Gwarzo da Kabo da Ƙaraye da Rogo da Shanono da Rimin Gado. Ba sai an gina sabon bene ba. Ga Makarantar Nazarin Muhalli a Gwarzo, ga kuma babbar makarantar Gwamnatin Tarayya a Kabo wadda aka amince da kafawa a 2022. Ɗaki guda, da firji mai aiki da hasken rana, da ma'aikata biyu ƙwararru, sun isa a fara. Abin da ya fi ƙarfinsu su aika gaba.

Na biyu, a fara daga tushe. Duk mai sayar da 'yan tsaki ya nuna takardar cewa an gwada iyayen a inda aka ƙyanƙyashe su, domin uwa takan ba ɗan tsako cutar tun yana cikin ƙwai. Mace ba za ta yi ta share akurki ba alhali cutar a kwali aka kawo mata ita.

Na uku, duba-gari su riƙa leƙa wurin masu figa a kasuwanninmu. Kowa ya ga tukunyar ruwan zafin nan da ake tsoma kaza bayan kaza tun safe, da robar ɗauraya da ruwanta ya koma ja. Kazarki mai tsabta tana iya shiga nan ta fito da cutar ta wani. A ɗebi ruwan a gwada lokaci lokaci, a taimaka musu da ruwa da magudana da teburin siminti. Horo ya fi tara amfani, domin su ma abinci suke nema.

Na huɗu, makarantun kwana da asibitoci da masu dafa abincin ɗalibai, waɗanda ke sayen kaji da ƙwai da yawa, su fifita gonar da ke da takardar gwaji. Idan mai takarda ya fi samun ciniki, sauran za su bi da kansu.

Na biyar, kuma wannan ya fi shafarmu, a ɗauki mata aikin. Yawancin ƙananan masu kiwo matan aure ne a cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Idan babu mace ma'aikaciya da za ta yi sallama ta shiga har akurki, to gwajin zai tsaya a manyan gonakin bakin titi. Kuma duk wadda aka sami cuta a garkenta, a rufa mata asiri, a nuna mata yadda za ta wanke ɗaki ta sake zubi, a tallafa mata. In aka kunyata ɗaya, sauran za su ɓoye.

Mu ma akwai namu. Matan da ke zubin adashe tare, ko suke ƙungiya ɗaya, za su iya haɗa kuɗin gwaji kamar yadda suke haɗa na buhun abincin kaji. Amma ko an kawo ɗakin gwaji gobe, na'ura ba za ta shiga madafi ta yi mana girki ba. Ga abin da ke hannunmu tun yau.

Wuta ce babban magani. Zafin digiri 70 da ya ratsa har tsakiyar nama yana kashe waɗannan ƙwayoyi duka. A dafa kaza har sai an tsaga cinya kusa da ƙashi ba a ga ja ba, ruwan da ke fita ya zama fari. A kula da gashi da suya mai sauri, inda waje kan ƙone ciki na ɗanye. A kula musamman da kai da ƙafa da ƙundu da ake miƙa wa yara su gasa a bakin murhu, domin su ne mafi ƙazanta, kuma su ake ba mafi rauni a gidan.

Wanki da lemon tsami ko gishiri yana rage ƙarni, amma ba ya kashe cutar. Idan za a wanke kaza, a yi a roba guda, a ƙasa, a hankali, nesa da tulu da kwanukan abinci, kada ruwan ya fantsama. A zubar da shi inda yaro ba ya rarrafe. Wuƙa da faranti da robar da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa latas ko tumatir ko albasar kwaɗo. Sau da yawa kaza ta dahu lafiya, amma salak ɗin da aka yanka da wuƙarta shi ke kwantar da gida. A wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki jariri ko a ba shi nono.

A dafa kaza da zarar an fige. Abincin da ya dahu kada ya wuce awa biyu a ajiye a buɗe, kuma na kwana a tafasa shi sosai, ɗumi-ɗumi bai isa ba. Masu aikin biki da ke soya kaji tun daren jajibiri su zuba a baho su rufe, su yi tunani a kan wannan. A bar shan ɗanyen ƙwai da madara da sunan ƙarin jini, balle ga mai ciki ko yaro. Fasasshen ƙwai mai arha, in har an saya, a soya shi ƙwarai nan take. Kazar da ta kwanta ciwo, a daina gaggawar yanka ta don kada a yi asara, ko a kai ta kasuwa a ruɗi wata. Akurki ya yi nesa da madafi da inda yara ke wasa, a share kashin kullum, kuma a bar shi ya ruɓe sosai kafin a kai shi lambu.

Idan yaro ya fara gudawa, a jiƙa masa gishirin nan da sukari na leda da ake samu a asibiti, a ba shi ƙwayar zinki yadda ma'aikaciya ta ce, a ci gaba da nono da abinci. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi shan komai, a tafi asibiti ba tare da jiran gobe ba. A gaya wa likita abin da aka ci cikin kwana biyar da suka wuce, da ko akwai wasu da suka ci suka kwanta.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ɗakin gwajin da muke roƙo ba zai yi aiki da kansa ba. Wani zai riƙe kwalbar, wani zai karanta sakamakon, wani zai shiga gidaje ya yi bayani da Hausar da iyayenku za su gane. Me zai hana ya zama ke? Ki riƙe darasin kimiyya da lissafi da kyau. Akwai Makarantar Koyon Aikin Tsabta a Kano, akwai ta fasahar aikin lafiya, ga jami'a a kan hanyar garinku. Kafin lokacin, ki karanta wa inna abin da aka rubuta a jikin maganin kaji, ki karanta mata wannan shafi, cikin ladabi.

Shugabannin Ƙananan Hukumomin Gwarzo da Kabo, da 'yan majalisarmu, da hakimai da dagatai, muna fatan matanku za su isar muku da wannan saƙo. An ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin ɗaki guda na gwaji bai kai abin da iyaye ke kashewa a kan gudawar yara ba tare da sun san mafarinta ba. Mun iya kiwo, mun iya girki. Abin da idonmu ba ya gani ne muke neman a taya mu dubawa, kuma a duba shi da sauri, tun kaza tana akurki.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa albarka a sana'armu. Sai mun sake saduwa.